Kwat Mai Dalma a Hannun Tanti Didina

Duk wanda ya taɓa zuwa sauraron kiɗa a babban zauren garin nan na bakin kogin Danube ya san Tanti Didina, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce matar ɗakin ajiye riguna, hagu da ƙofar shiga, gajera mai jiki, da furfurarta a ɗaure tsaf a ƙeya. Shekara talatin da ɗoriya tana nan. An canza shugabannin zauren, an canza kujeru, ita dai tana bayan dogon teburinta na katako, da layukan marataya a bayanta.

A wani ƙauyen masunta aka haife ta, can ƙasa inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Ta zo birni tana budurwa, ta shiga masana'antar ɗinki tana kafa hannun riga daga safe zuwa yamma, har shekarar da aka rufe masana'antar aka ce kowa ya kama gabansa. Mijinta Marin direban bas ne, mutum mai yawan dariya da ƙarancin lafiya, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. 'Yar tana Italiya yanzu tana jinyar tsofaffin wasu, takan bugo waya ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Aikin zauren kuwa wata maƙwabciya ce ta samo mata, da niyyar ta riƙe kafin wani abu ya fito. Ba abin da ya fito, ita ma daga baya ta daina nema.

Tsohuwar da ta tarar a wurin, Doamna Eufrosina, wato Uwargida Eufrosina a harshensu, abu biyu ta koya mata. Na farko, ba a shiga zauren kiɗa da kwat, ko wane ne mutum, ko yaya sanyin yake. Na biyu, idan babban baƙo ya zo, ba a tsayawa bayan tebur a miƙo hannu kamar mai sayar da tikiti. Fitowa ake yi, a zagaya ta bayansa, a kama wuyan kwat ɗin da yatsu, a ɗaga kaɗan, a bar shi ya zame daga kafaɗa. Doamna Eufrosina likitoci da malaman jami'a kawai take yi wa haka. Didina ta ce a ranta ai kafaɗa kafaɗa ce, ta riƙa yi wa kowa, har leburorin tashar jiragen ruwa da ake raba wa tikiti kyauta. Hannunta ya goge har mutum yana cikin gaisawa da abokinsa zai ji bayansa ya yi sakayau, ya waiwaya ya ga kwat ɗinsa na tafiya.

Nea Tudose mai tsaron ƙofa, wanda suka tsufa tare a bakin aikin, ba ya gajiya da tsokanarta a kan wannan.

“Allah ya rufa wa garin nan asiri da bai yi ki ɓarauniya ba, Didina. Da ba mai komawa gida da wando.”

“Naka dai ko a titi na tsinta ba zan ɗauka ba,” in ji ta. “Wandon da ya girmi jikokinka.”

Abin da ya same ta ya faro ne da kaka, lokacin da Smaranda, yarinyar ofishin shirye-shirye, ta tara duk ma'aikata a zauren da ba kowa. Ta daɗe tana roƙon shugabanni, sai a wannan shekarar suka yarda. Za a yi kiɗa ranar Asabar da hantsi don masu larurar da ta kira otizim da makamantansu, mutanen da ƙara da haske da cunkoso ke zo musu da ƙarfin da ya fi na sauran jama'a, da waɗanda zama wuri ɗaya ke yi wa wuya. Kiɗan duk na kogi ne: wayewar gari a kan ruwa, sarewa tana kwaikwayon tsuntsaye, goge da yawa suna yin iska cikin ciyayin gaɓa, sai ruwan sama a ƙarshe. Mai manyan ganguna ya yi ta gunaguni kafin ya amince ya rage tsawarsa. Ba za a kashe fitilu ba, ba za a rufe ƙofofi ba, kuma an tanadi wani ɗaki a sama da katifu da matasai don wanda ya ji abin ya yi masa yawa. Sai ta juyo wajen masu aikin ƙofa ta ce kada a ce wa kowa ya yi shiru, kada a taɓa kowa ba a tambaye shi ba, wanda kuma yake so ya shiga da kwat ko hula ko abin toshe kunne, a bar shi.

Didina ta ji duka, ta gyaɗa kai. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya, don ba ta da bakin cewa ba a faɗa mata ba. Da suka fito ta ce wa Nea Tudose yarinyar nan ta ɗauke su gandirobobi ne, ita tunda take ba ta taɓa tilasta wa kowa ba. A zuciyarta ma wani abu ta ƙulla mai kyau. Waɗannan bayin Allah, ta ce, ƙila ba a taɓa karrama su a irin wannan wuri ba. To za su ga karramawa a hannunta, irin wadda ake yi wa manyan likitoci.

Ranar ta zo da dusar ƙanƙara. Didina ta sa farar rigarta mai leshi a wuya. Harabar ta cika da irin hayaniyar da ba ta saba ji ba: wani yaro yana zagaya ginshiƙi yana tafi, wata budurwa tana maimaita kalma ɗaya cikin jin daɗi, iyaye suna ta waige-waige kamar masu jiran a kore su. Da yawa suka miƙo kwat da kansu ta kan tebur, ta karɓa tana murmushi. An kusa farawa sai ga wani dattijo dogo, fuskarsa duk iskar kogi ta ƙone ta, tare da wani saurayi da zai kai shekara ashirin da biyar. Saurayin na sanye da tsohon kwat mai ruwan toka, ya tsaya gaban babban hoton da aka manna na tsuntsayen kogi, kwasakwasa da zalɓe, yana kallo yana ɗan lilo da jikinsa gaba da baya. Dattijon ya juya yana neman tikiti a aljihu.

Didina ta ga bayan mutum da kwat a kai, ƙafafunta suka yi abin da suka saba. Ta zagayo, ta kai yatsu wuyan kwat ɗin, ta ɗaga. Nauyin da ta ji ya ba ta mamaki, sai ta ƙara ƙarfi, bayan yatsunta masu sanyi suka taɓa fatar ƙeyarsa.

Ƙarar da ya yi ba ta taɓa jin irinta daga bakin babban mutum ba. Ya fizge gaba, ita kuma hannunta ya riƙe gam don firgita, shafin kwat ɗin ya yage, wasu ƙananan abubuwa masu nauyi suka zubo suna gangarawa a daɓen marmara. Saurayin ya zube ƙasa daga shi sai 'yar shara, ya rufe kunnuwansa, yana buga goshi a gwiwa. A daidai lokacin, ta ƙofofin da aka bari a buɗe, sarewar farko ta fara. Didina na tsaye da kwat a hannu, mutane na kallonta, sai ta ji ta kai yatsa baki tana cewa, “Shiii, an fara.”

Dattijon ya ɗago ya dube ta sau ɗaya. Ya durƙusa kusa da ɗansa ba tare da ya taɓa shi ba, yana kiran sunansa a hankali, Horia, Horia. Smaranda ta sauko da gudu ta yi maganar ɗakin sama, ya girgiza kai. Didina ta matso da kwat ɗin, saurayin ya hango ta ya ƙara sautin kukansa, Smaranda ta yi mata alama da hannu ta ja baya. Da abin ya ɗan lafa, uban ya tuɓe nasa kwat ɗin ya miƙa masa, ya fita da shi cikin ƙanƙara, shi kuma da suwaita kawai. Ba wanda ya tuna da abin da ke hannun Didina.

Ta tsugunna ta tsince abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Ta gane su tun kafin ta juya su a tafin hannu: dalma ce, irin wadda mahaifinta ke ɗaura wa bakin taru. Wani ne ya ɗinke su cikin shafin, a kafaɗa da ƙirji da gindin kwat ɗin, da wani irin ɗinki karkatacce na wanda bai iya riƙe allura ba.

Bayan an watse Smaranda ta zo ta jingina da teburin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce dattijon, Domnu Anghel, tsohon ma'aikacin jirgin fito ne, su biyu ke zaune da ɗansa. Tun kaka suke shirin wannan rana. Sun zo sun ga zauren ba kowa, Horia ya zaɓi kujerarsa da kansa, kuma kullum sai ya saurari kiɗan a gida don kada wani sauti ya zo masa ba zato. Nauyin kwat ɗin shi ke kwantar masa da jiki. In babu shi ba ya taka ko matakalar gidansu.

“Ki bar shi a nan, Tanti, uban zai zo ya ɗauka.”

Ya zo kuwa, ranar Litinin da safe. Didina na cikin ɗakin ta hango tsayinsa ta gilashin ƙofa. Ta murɗa makulli ta ciki, ta shige bayan labule can ƙarshen marataya inda ake ajiye laimomin da aka manta, ta tsaya tana riƙe numfashi kamar yarinyar da ta fasa tulu. Tana jin Nea Tudose yana ƙwanƙwasawa, yana cewa ai yanzu ya gan ta, ƙila ta je kantin magani, makullin kuma ita kaɗai ke da shi. Ta ji dattijon ya ce zai jira. Ya jira har ƙafafunta suka yi tsami, sannan ya ce ba zai iya barin yaron shi kaɗai fiye da haka ba, ya tafi.

Da ta buɗe, Nea Tudose na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

“Ni kika sa na yi wa mutumin kirki ƙarya da furfurata.”

Ta ce kwat ɗin a yage yake, yaya za ta miƙa wa mutum kayansa a yage.

“Didina, mutumin nan kwat ya zo nema, ba tela ba.”

Ta naɗe kwat ɗin cikin jaka ta tafi da shi gida, tana gaya wa kanta gobe za ta kai. Ta tuƙa mamaliga, tuwon masararsu, ta kasa ci. Ta shimfiɗa kwat ɗin a teburin kicin, ta ɗauko akwatin zarenta, ta ga cewa in ta gyara inda ya yage kawai, nata ɗinkin zai tona wa na uban asiri. Sai ta farke duka. Ta yanka sabon yadi mai ƙarfi, ta yi wa kowace dalma ɗan aljihunta, ta jera su daidai wa daida, hagu kamar dama, yadda nauyin zai zauna a kafaɗa ba tare da ya ja gefe ɗaya ba. Aikin ya ci mata yini biyu. Tana yi tana sanin cewa a wani gida can bayan tashar jirage akwai mutumin da bai ga waje ba tun Asabar, amma hannunta ya ƙi tsayawa, don muddin tana ɗinki ba sai ta je ba tukuna. Da 'yarta ta bugo tsakiyar mako tana tambayar me ya sa muryarta ta canza, ta ce mura ce.

Smaranda ce ta ba ta kwatancen gidan, ta kuma ce za ta iya kai mata. Didina ta ce a'a, hannun da ya cire shi ne zai mayar. Ta hau bas har ƙarshen layi, jakar na kan cinyarta, ta hau bene hawa huɗu tana hutawa a kowane hawa.

Domnu Anghel ya buɗe ƙofa, ya dubi fuskarta, ya dubi jakar. Ya ce ta shigo, ya tura mata silifas da ƙafa. Ya zaunar da ita a kicin, ya kawo mata cokalin jam na 'ya'yan itacen ceri a ɗan faranti da kofin ruwan sanyi, yadda ake yi wa kowane baƙo. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ta fara jawabin da ta shirya a bas, ta kai tsakiya ta rasa sauran, sai kawai ta ce ranar Litinin tana ciki, tana jin sa.

“Na sani, Doamna,” ya ce. “Na ga takalmanki ta ƙarƙashin labule.”

Ya ɗauki kwat ɗin ya kai ɗakin ciki, ya aje a kan kujera, ya dawo ya bar ƙofar a buɗe kaɗan. Daga inda take zaune tana hango Horia a bakin gado, da barguna uku a kafaɗarsa. Ya daɗe yana kallon kwat ɗin kafin ya tashi. Ya shinshina wuyan, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan. Ya tsaya cik. Sai ya fara shafa ƙirjinsa na hagu, yana shafawa yana wani ƙaramin sauti a maƙogwaro, ya tuɓe kwat ɗin ya juya cikinsa waje.

“Ba nan ba,” ya ce. “Ba nan ba, Baba. Ba nan ba.”

Uban ya shiga ya duba, ya daɗe yana bin layukan ɗinkin da babban yatsa. Ya dawo kicin ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ƙaramin almakashi. Ya ce mata, ba tare da ɗaga murya ba, aikin ya yi kyau, bai taɓa ganin irinsa ba. Sai dai ba a karkace dalmar take don rashin iyawa kaɗai ba. Shekaru suka yi suna matsar da su, yau a ƙara ɗaya a hagu, gobe a sauke wata ƙasa, Horia na nunawa shi yana ɗinkewa, har kowace ta sami wurinta.

Didina ta zauna tana kallo ta ƙofar, uba da ɗa a bakin gado, kawunansu a haɗe, suna farke aljihunanta ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin nata ƙanana ne kuma masu ƙarfi, suna ba dattijon wuya, almakashin na zamewa. Bakinta ya buɗe zai ce a kawo ta yi, ta fi sauri, ta rufe shi. Jam ɗin na gabanta, ta ga rashin ci ma wani laifin ne, ta ɗauka ta haɗiye ba ta ji ɗanɗanonsa ba.

Da ya rako ta bakin ƙofa ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko za su sake zuwa, don Smaranda ta ce akwai wani kiɗan kafin Ista. Ya ce wannan ba shi zai yanke ba, Horia ne. Har yanzu yana kunna kiɗan kogin da safe, wannan alama ce mai kyau. Ya murza almakashin a hannu.

“Amma akwai abu ɗaya, Doamna, ki yi haƙuri da shi. Ya riƙe fuskarki. In ya hango ki a wurin nan, ba zai wuce ƙofa ba.”

Ta ce ta gane. Ta sauko matakalar tana riƙe da ƙarfen gefe.

Tunda ta fara aikin ba a taɓa buɗe zauren don kiɗa ba tana wani wuri. Ranar da aka sallami Marin daga asibiti ta zo, ranar da 'yarta ta tafi ma daga tashar mota nan ta wuto. Da Ista ta matso, ta sami Smaranda a ofis ta ce ranar Asabar ɗin nan ta kiɗan kogi ba za ta zo ba, kuma duk wadda za a yi irinta nan gaba a cire sunanta. Smaranda ta fara cewa ai ba sai an kai ga haka ba, za a iya sa ta a sama wajen ɗakin hutawa. Didina ta ce yaron zai iya hawa sama. Ta ciro makullin daga igiyar wuyanta ta aje a kan tebur tun ranar Juma'a.

Asabar ɗin ta wanke tagogin gidanta duka, har na kicin da ta wanke a makon da ya wuce. Ranar Litinin ta iso da wuri, ta tarar da Nea Tudose yana shan kofi a kan kujerarsa. Ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta tambayi jikoki. Ya bar ta ta gama zagaye-zagayenta.

“Yaron ya zo,” ya ce. “Ya tsaya a ƙofa yana leƙen wajen teburinki har na ce ba zai shiga ba. Sai ya shiga.”

Ta tambaya ko ya zauna har ƙarshe. Ya ce a'a, da aka zo wajen ruwan sama ya tashi ya fito, mai ganga ya ɗan manta kansa. Amma tsuntsayen duk ya ji su, yana tsaye a bayan kujerarsa yana lilo, uban kuma na zaune ya rufe fuska da hannu.

Didina ta gyaɗa kai, ta shiga ɗakinta. An bar shi a buɗe ranar, kowa ya rataye nasa da kansa. Marataya sun karkace, wani ya bar safar hannu ɗaya a kan tebur, akwai sawun takalma har can ciki inda ba a taɓa barin baƙo ya taka ba. Ta tsaya tana dubawa, sannan ta cire nata kwat ɗin, ta je neman tsumma da bokiti.